Ranar da Aka Rubuta a Kati

DARASI NA WANNAN WATA

Karatu: Littafin Firistoci 13:1-8, 2 Sarakuna 5:1-14, Yohanna 5:1-9
Ayar haddacewa: Matta 5:37

'Yan'uwa cikin Ubangiji, darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne ƙarami a ido, watau ɗan katin nan da a ke yankar wa mutum a asibiti, da ranar da malamin asibiti ya ke rubutawa a kansa ya ce a dawo. Mutanenmu sun iya zuwan fari, gama ciwo ne ke koro su. Zuwa na biyu da na uku su ne masu wuya. Da zarar jiki ya yi sauƙi sai a jefa kati cikin kwalla, ko a soke shi a jikin jinka, rana ta zo ta wuce ba wanda ya tuna. Bayan wata biyu ciwo ya dawo da ƙarfinsa, a ɗauki mutum ranga-ranga, a biya ninkin abin da dā za a biya, wani lokaci kuwa a komo gida da gawa. An shirya wannan darasi musamman domin masu bi na yammacin Katsina, irin mutanen Yasore da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, inda hanya ke da nisa, likita kuwa da wuyar gani. Amma abin da ke ciki ya shafi kowace ekklesiya.

1. Ranar komawa cikin Shari'ar Musa

Ku buɗe Littafin Firistoci, watau Levitikus a tsohon juyi, sura 13. A zamanin Musa in tabo ya fito wa mutum a fata, wurin firist a kan kai shi. Wani tabon da gani ɗaya firist ya san ko mene ne. Wani kuwa ba ya ganuwa sarai a rana ta fari. To, me Ubangiji ya umarta? Firist ya keɓe mutumin kwana 7, a rana ta bakwai ya sāke dubawa. In tabon bai yaɗu ba, ya ƙara masa waɗansu kwana 7, ya duba shi sau na uku. Sa'an nan ne zai yanke magana. Har bayan an sallame shi ma, in tabon ya tashi ya yaɗu, wajibi ne ya koma wurin firist.

Sai mu lura, kalmar kuturta a wannan sura ta haɗa cututtukan fata iri iri, ba kuturtar da likitoci su ke nufi yau kaɗai ba. Firist kuma aikinsa rarrabe mai tsarki da marar tsarki ne, shi ba likita ba ne. Duk da haka akwai koyarwa uku a nan. Ta fari, akwai ciwon da ba a gane shi da dubawa ɗaya, sai kwanaki sun nuna inda ya nufa. Ta biyu, mai dubawa ne ke sa rana, ba marar lafiya ba. Ta uku, komawar ba domin mutumin kaɗai ba ce, domin lafiyar dukan zango ce.

Waɗansu sukan ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne, su kawo labarin sarki Asa. Ku karanta 2 Tarihi 16:12 da kyau. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba. Annabi Ishaya da kansa ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun Hezekiya, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkar da shi. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuwa yana ƙaunarsa. Allah ne mai warkarwa, amma sau da dama ta hannun mutane ya ke aikinsa, da kwanaki ƙidayayyu.

2. Yadda tsarin asibiti ya ke

A Ingila, tun 1948 da gwamnati ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, kowa ya kan rubuta sunansa a asibitin likitan iyali na unguwarsu. In ba shi da lafiya sai ya buga waya ko ya nema ta intanet, a ba shi rana da sa'a. Likitan iyalin nan ne ke tura shi gaba in ciwon ya fi ƙarfinsa. A ƙauyukanmu ba mu da wannan. Abin da mu ke da shi kati ne, da layi, da ranakun da kowane asibiti ya keɓe: ranar awon ciki, ranar rigakafin yara, ranar masu hawan jini da ciwon suga. Amma manufar ɗaya ce, a sami wuri guda inda aka san ka, aka kuma ajiye labarin ciwonka a rubuce.

Asibiti hawa hawa ne. Hawa na fari shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa, inda malamin lafiya da nas da ungozoma su ke. Na biyu babban asibiti, irin na Batsari ko na Dutsin-Ma, inda a ke kwantar da mutum, a ƙara jini, a yi aiki. Na uku asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, inda kowane ƙwararren likita ke da ranar da ya ke ganin mutanensa. Wanda ya tsallake na fari da na biyu ya tafi Katsina hannu rabbana, ba takardar turawa, ya kan iske ba ranar likitansa ba ce, ya yi asarar kuɗin mota, ya kwana a baranda.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A Fitowa sura 18 Yetro ya ga surukinsa Musa zaune daga safe har yamma, jama'a tsaye suna jira. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu dubu, da na ɗari ɗari, da na hamsin hamsin, da na goma goma, su ji ƙananan al'amura, masu wuya kaɗai a kawo wa Musa. Da haka Musa ya huta, jama'a kuma suka sami biyan bukata da wuri. Kada mu rena malamin lafiya na mazaɓarmu domin ba a kiransa likita. Zazzaɓi, da gudawa, da awo, da rigakafi, duk aikinsa ne, shi ne kuma zai rubuta maka takardar da za ta buɗe ƙofa a gaba.

Lambar da ke kan kati ita ce mabuɗin fayil ɗinka. In kati ya ɓace aka yanki sabo, an buɗe sabon fayil ke nan, babu kome a ciki. Likita ba zai ga awon jininka na bara ba, ba zai san maganin da aka gwada ya ƙi ba. Don haka kowane mutum da katinsa. Kada uwa ta kai ƙaramin yaro da katin wansa domin gudun kuɗin yankan kati, gama ƙarya ce, tana kuwa iya sa a ba yaro maganin da ba nasa ba.

3. Abin da ke faruwa in an tsallake rana

Mutumin Batsari da ya nufi Katsina ya kan wuce ta Babbar Ruga. A ƙarshen shekarun 1930 mishan na S.I.M. ya karɓi aikin jiyyar kutare a can, kamar yadda ya karɓa a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Masu bi da dama na ƙasar Hausa a irin waɗannan wurare kakanninsu suka fara jin bishara. A shekarun 1950 ƙwayar dafson ta yaɗu, aka buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka, kutare suna zuwa a ranakun da aka sa musu. Magani ne mai kyau, amma shekara da shekaru a ke shansa, mutane kuwa suna sha suna bari. A shekarun 1960 aka fara ganin ƙwayar cutar da ta daina jin dafson. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa haɗa magunguna. Yanzu wata 6 ne ko wata 12, gwargwadon irin kuturtar, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da maganin. Sau ɗaya a wata marar lafiya ya kan je ya sha na ranar a gaban malami, ya karɓi na kwana 28 ya tafi gida. Wanda ya ga farin tabo ko ja a jikinsa, wurin kuwa ba ya jin taɓawa, in ya je da wuri ya cika watanninsa, zai warke da yatsunsa cif.

Tarin fuka ma haka ne. Wanda ya yi mako 2 yana tari, a kai shi a auna kakinsa. In an samu, magani na wata 6 ne, kyauta: wata 2 na fari iri huɗu a haɗe, wata 4 na baya iri biyu. Ga inda tarkon ya ke. Bayan 'yan makonni tari ya kan lafa, mutum ya soma cin tuwo, ya ji ƙarfin ɗaukar fartanya. Sai ya ce ya warke. Amma ƙwayoyin cutar masu rauni ne suka mutu, masu taurin kai suna nan. In ya bar magani su ne za su hayayyafa, tarin ya dawo, wata kila wanda ba ya jin maganin fari. Zai kuwa shaƙa wa matarsa da 'ya'yansa da wanda ke zaune kusa da shi a benci ran Lahadi.

Rigakafin yara shi ma kwanakinsa a ƙidaye su ke, kyauta ne kuma a asibitin gwamnati. Na fari da haihuwa, kada a ce sai bayan suna. Na biyu a mako 6, watau kwana biyu bayan arba'in. Na uku a mako 10, na huɗu a mako 14. Sa'an nan a wata 9 a yi na ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 a maimaita na ƙyanda. Allurar da ke tsare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora sai an yi ta sau uku kafin ta kama sosai. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya shiga Katsina da sauran jihohi a 2023, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a cika musu allura ba. Mun kuma ga ribar cikawa. Agana da ta ɓata fuskokin kakanninmu an shaida ƙarewarta a duniya a 1980. A ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, wadda aka yi mata ganin ƙarshe a Borno a 2016.

Mace mai ciki fa? A dā awo 4 a ke nema. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi 8, na fari cikin wata uku na farko. Hawan jinin da ke kawo jijjiga ba ya sallama. Mace tana daka tana surfe, jininta ya hau ba ta sani ba, sai awo ya nuna. A wurin awo ne kuma a ke ba ta ƙwayar ƙarin jini, da allurar sarƙewar haƙora, da maganin tsare ta daga zazzaɓin cizon sauro wata wata. Kowace rana da ta tsallake, ta tsallake ɗaya daga cikin waɗannan.

4. Na'aman a ƙofar Elisha

Na'aman shugaban yaƙin Suriya ne, babban mutum, amma kuturu. Ya zo da takarda daga sarkinsa, da azurfa da zinariya da riguna goma, ya tsaya da dawakai da karusai a ƙofar annabi. Elisha bai fito ba. Ɗan aike ya aiko, ya ce ya je ya yi wanka a Urdun sau 7. Na'aman ya husata. Ya zaci annabi zai fito da kansa, ya kuma ga kogunan Dimashƙu sun fi Urdun. Da ba domin barorinsa sun lallashe shi ba, da ya koma gida da kuturtarsa.

Halin Na'aman yana cikinmu. Mukan so babban likita ya fito mana da kansa, in aka ce ga nas sai mu ɓata rai. Mukan so allura, in aka ba mu ƙwaya sai mu ce ba a duba mu ba, mu zarce kemis ko wurin mai tallan magani a kasuwa. Mukan so a sa mu gaban layi saboda rigarmu. Ku yi tunani kuma, da Na'aman ya nutsa sau 4 ya fito, ya ce ai ya isa, me zai samu? Alkawarin yana kan na bakwai. Wata na shida na maganin tari, da allura ta uku ta jariri, da awon wata na tara, su ne nutso na bakwai.

A kan layi kuma, Yaƙub sura 2 ta hana mu fifita mai zoben zinariya bisa matalauci a cikin taro. Abin da ya haramta a ɗakin sujada bai halatta a barandar asibiti ba. Fasto ko dattijo da ya bi ta bayan fage domin ya san wani ma'aikaci, ya bar tsohuwar da ta yi sammako tana zaune, ya rushe wa'azinsa na ran Lahadi a gaban maƙwabtanmu Musulmi da ke kallo. Ku tuna Yayirus shugaban majami'a ne, 'yarsa kuwa tana bakin mutuwa, duk da haka ya tsaya har Ubangiji ya gama da matar nan mai zubar jini shekara 12. In ma'aikata suka shigar da wani a gabanka domin ciwonsa ya fi tsanani, kada ka yi gunaguni. Wata rana kai ne za a shigar.

5. Ba a fafe gora ranar tafiya

Sa'ad da malami ya ce ka dawo rana kaza, ka kuwa amsa da to, alkawari ka ɗauka. Ayarmu ta haddacewa tana koya mana amsar mai bi ta zama abin dogara. In ka san ba za ka iya ba, faɗa masa tun a wurin, ku sa wata rana. Ga waɗansu abubuwa da za su taimaka.

(a) Kada ka bar ɗakin sai an rubuta ranar a kati, an kuma faɗa maka da baki. In ba ka iya karatu ba, mai da ita lissafin da ka saba: Lahadi huɗu, ko cin kasuwar Batsari huɗu. Da isarka gida ka sa ɗan makaranta ya rubuta a bango.

(b) Yi tambaya uku: Mene ne ciwona? Yaya zan sha maganin, har kwana nawa? Wace alama zan gani in dawo ba sai ranar ta cika ba?

(c) In ma'aikacin ya yarda, karɓi lambar wayarsa. Kafin ka hau babur ka tambaya ko suna nan, ko maganin ya iso.

(d) Fara ajiye kuɗin hanya tun ranar da aka sa maka rana. Kaza ɗaya da aka sayar cikin natsuwa ta fi akuyar da aka karyar da tsakar dare.

(e) Tafi da kati, da kwalayen magungunan da ka ke sha, har waɗanda suka ƙare. In ka sha saiwa ko sassaƙe, faɗi gaskiya. Likita ba alƙali ba ne, so ya ke ya san abin da ke cikin jikinka.

(f) Yi sammako. Da sanyin safiya a kan kama fara.

(g) In rana ta kuɓuce maka, kada kunya ta hana ka komawa. Je da zarar ka sami hali, ka faɗi dalili. Yaron da ya tsallake allura ba a sāke masa daga farko, daga inda aka tsaya a ke ci gaba.

Maigida, wannan magana taka ce musamman. A gidajenmu mace ba ta fita sai da izninka, kuɗin hanya kuma a aljihunka ya ke. In ranar awo ta faɗa cikin noman fari, kada ka ce a bari sai an gama. Gero zai jira yini ɗaya. In matarka ta tafi goyon ciki ko wanka gidan iyayenta, katinta da na jariri su tafi tare da ita. Manzo Bulus ya auna ƙaunar miji ga matarsa da ƙaunar Kristi ga ekklesiya, Kristi kuwa ransa ya bayar. Kai yini guda da kuɗin babur a ke nema a wurinka.

Da damina kuma ma'aikata sukan bi gida gida wata wata da maganin tsare yara daga zazzaɓi, daga mai wata 3 har wanda bai cika shekara 5 ba. A Nijeriya, a jihar Katsina aka fara gwada wannan a 2013. Na rana ta fari a gabansu a ke sha, na kwana biyu da suka rage uwa ce ke bayarwa. Kada a ajiye shi a ce sai yaro ya kwanta.

6. Ciwon da ba ya jiran rana

Akwai alamun da in an gan su ba a duba kati, ba a jiran gari ya waye in da halin fita. Mai ciki da ke zubar da jini, ko jijjiga, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido. Naƙudar da ta wuce sa'a 12. Yaron da ke suma ko taune-taune, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome, ko numfashinsa na fita da ƙyar. Zazzaɓi da sandarewar wuya. Saran maciji. Waɗannan, a ɗauke su nan da nan.

Babbar Rugar da muka ambata, yau ita ce cibiyar ƙasa ta gyaran masu yoyon fitsari. Wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo domin aikin kuturta, shi ya soma wannan gyara a can a shekarun 1980, an kuwa warkar da dubban mata. Mun gode wa Allah saboda wannan. Amma yawancin matan nan doguwar naƙuda ce ta kai su, aka bar su kwana biyu ko uku a ɗaki ana jira. Gyara alheri ne, rigakafi kuwa ya fi magani.

7. In hanya ta ƙi

Ba za mu yi magana kamar ba mu san halin da ƙasar Batsari da Safana ta shiga ba. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da yawa, mutane suka gudu cikin gari, ma'aikatan lafiya suka bar waɗansu wurare. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Wanda ya tsallake rana domin hanya ba ta biyuwa, ba shi da laifi, kada kowa ya ɗora masa. Wani lokaci ma mutum ya kan cika alkawarinsa ya iske magani ne babu, kamar yadda maganin kuturta ya yanke a ƙasar nan a 2024, sai a Maris 2025 ya iso.

Amma wahalar nan ta koya mana abu biyu. Na fari, katin takarda yana aiki ko da waya ta mutu. Ku sa katunan gida duka cikin leda ɗaya, ku ajiye su tare da Littafi Mai Tsarki, inda hannu zai kai cikin duhu. Da katin nan uwa za ta ci gaba da allurar ɗanta a kowane asibitin gwamnati da ta sami kanta, mai tarin fuka kuma ya ci gaba da maganinsa. Na biyu, mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, kamar hawan jini, ya gaya wa likita gaskiyar halin hanyarsu, ya roƙa a ba shi na kwanaki masu yawa in ya yiwu. Mai ciki da watanta ya tsaya, in tana da dangi kusa da asibiti, gara ta koma can tun naƙuda ba ta zo ba.

8. Mutumin Betasda da aikin ekklesiya

A bakin tafkin Betasda akwai shirayi 5 cike da marasa lafiya suna jira. Ɗaya daga cikinsu ya shekara 38 da ciwonsa. Da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, kukan da ya kawo shi ne ba shi da mai sa shi cikin ruwa, kullum wani ya kan riga shi. Ubangiji ya warkar da shi da kalma. Mu ba mu da wannan iko a hannunmu, amma abin da mutumin nan ya rasa muna da shi, watau mutum. Yawancin waɗanda ke tsallake rana ba taurin kai ba ne. Gwauruwa ce da ba mai tsare mata yara, ko tsoho da ba mai goya shi a babur, ko marar karatu da ba mai duba masa kati. Abin kunya ne a sami irin wannan a cikin ekklesiyar Kristi.

Ga abin da kowace ekklesiya za ta iya, kome ƙanƙantarta. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, mai kame baki, ya riƙe ɗan littafi na ranakun waɗanda suka yarda a rubuta su, ya riƙa tuna musu ran Lahadi a keɓe. Ba a shelar ciwon mutum daga bagadi sai da yardarsa. Zumuntar Mata ta san kowace mai ciki da kowane jariri, su riƙa tafiya awo da rigakafi tare, gama tafiyar ƙungiya ta fi sauƙi, ta kuma fi aminci. Dattawa su keɓe wani abu daga baiko domin kuɗin hanyar marasa hali. Matasa masu babur su ɗauki kai marar lafiya asibiti hidima ce ga Ubangiji, daidai da waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Kada kuwa alherin nan ya tsaya a kan masu bi. In maƙwabciyarki za ta kai ɗanta rigakafi, ku tafi tare. Ɗan'uwan da ke aikin asibiti kuma, alkawarin ya hau kanka kai ma: in ka sa wa mutum rana, ya same ka a wurin, ka kuma yi masa magana da ladabi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me firist ba ya yanke magana a rana ta fari a kan kowane tabo? Me wannan ke koya mana?
2. Waɗanne abubuwa ne suka husata Na'aman? Wanne ne a cikinsu ka fi gani a zuciyarka?
3. Me ya sa mai tarin fuka da ya bar magani a wata na biyu ya zama hatsari ga gidansa?
4. Ku lissafa ranakun rigakafin yaro daga haihuwa har wata 15. Akwai yaro a ekklesiyarku da ya tsallake?
5. Ku faɗi alamu biyar da ba a jiran rana a kansu.
6. Wane ne a garinku ba shi da mai kai shi asibiti? Wa zai kai shi a wannan wata?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mai warkar da dukan cututtukanmu, mun gode maka saboda magani da masu ba da shi. Ka ba mu zuciya mai biyayya da haƙuri, mu cika abin da muka amsa. Ka tsare masu tafiya a hanyoyin Batsari da Safana, ka ba ƙasarmu salama. Ka ƙarfafa likitoci da nas-nas da ungozomomi cikin aikinsu. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda ke kwance ba mai ɗaukarsa, ka sa mu zama hannuwanka gare shi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.